Wata Goma Sha Ɗaya A Ɗakin Baƙi

Na buɗi ido na tarar da ɗakin baƙi a gidanmu. Yana jikin zaure, hannun dama in ka shigo, da tabarmi uku da buta da fitilar ƙwai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, dillalin hatsi ne a wani gari na ƙasar Katsina, kuma duk daren kasuwa sai an sami wanda ya kwana a ɗakin nan. Wani daga Maraɗi yake, wani ya zo sayen masara daga Kudu, wani kuwa mota ce kawai ta lalace masa aka nuna masa ƙofarmu. Ni ne ɗan aike. Ni ke kai tuwo, in koma in kwaso kwanuka, in cika buta da asuba. Ba zan ɓoye ba, ina yaro abin yana ci mini rai, musamman in na ga an tsame naman miya an kai wa mutumin da ko sunansa ba mu sani ba. Ranar da na yi gunaguni har Baba ya ji, bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Kai dai kai masa. Ba ka san inda dare zai yi maka ba."

A 2012 Baba ya sayar da gona ɗaya da shanu biyu ya tura ni karatun likita a Kharkiv, birni na biyu mafi girma a Yukren. Na sha sanyi, na koyi yaren mutane, na gama a 2018, na tsaya ƙarin horo a asibiti. A can na haɗu da matata, 'yar garin ce, tana aiki a kantin magani. Sai da aka kai ruwa rana a gida kafin a amince, amma daga ƙarshe Inna ta sa albarka, aka ɗaura aure. Allah Ya ba mu 'ya mace a 2019. Muna haya a unguwar Saltivka da ke arewacin birnin, hawa na bakwai. A lissafina, shekara biyu ko uku nan gaba zan kwashi iyalina mu koma gida in buɗe ƙaramin asibiti.

Ranar Alhamis 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukren da yaƙi, ban kai ga tashi sallar asuba ba sai na ji gilashin taga yana rawa. Ƙara ce mai nauyi, irin wadda ƙirjinka ke riga kunnenka ji. Tsakanin Kharkiv da iyakar Rasha kimanin kilomita 40 ne, unguwarmu kuma ita ce ke fuskantar ɓangaren. Matata ta naɗe yarinyar a bargo, ni na zuba takardu a jakar goyo: fasfona, takardar izinin zama, takardar aure, takardar haihuwar yarinya, shaidar karatuna. A lokacin ban san cewa wannan 'yar jakar ita ce za ta raba makomata da ta abokaina ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, ya haɗa takardunsa wuri guda tun ana zaman lafiya. Na ga mutanen da suka fito da wayoyi da kuɗi, suka bar takardar aure a cikin durowa, kuma har yau ba su gama biyan wannan mantuwar ba.

Kwana shida muka yi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutane jibge a kan dakali da cikin taragu, da kuliyoyinsu da karnukansu, ga warin jiki, ga kukan jarirai. Ina sallah a zaune a kan kwali. Ranar 1 ga Maris makami mai linzami ya faɗa kan ginin gwamnati a babban dandalin birnin, wurin da muke kai yarinyar ta yi wasa da tattabaru. A daren nan surukina ya zo ya same mu, ya riƙe kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka fitar mini da su." Shi da matarsa sun ce ba inda za su. Ƙanin matata kuwa ko yana so ba dama, don dokar ta-ɓaci ta hana duk namiji ɗan ƙasa daga shekara 18 zuwa 60 ficewa.

Abin da ya faru a babbar tashar jirgin ƙasa washegari, zan faɗe shi yadda na gan shi. An ce mata da yara ne farko, wannan kuwa ba wanda zai yi jayayya da shi. Amma da idona na ga an tura ɗalibai mata baƙar fata baya, su ma mata ne. Ni ma wani mai kaki ya sa hannu a ƙirjina ya hankaɗa ni, matata tana cikin tarago tana ihu cewa mijinta ne, yarinyar tana miƙo hannu tana kiran Baba. Wata tsohuwa ce, da ban taɓa gani ba, ta kama rigata ta baya ta tura ni ciki tana yi wa mutumin faɗa. Ita ce kuma ta gutsura mana burodi da daddare. Duk lokacin da zuciyata ta so ta yi wa mutanen ƙasar kuɗin goro, sai fuskar tsohuwar nan ta faɗo mini. Mun yi kusan kwana guda cur a tsaye kafin mu isa birnin Lviv da ke yammacin ƙasar, jirgin yana tafiya fitilu a kashe. Daga nan muka bi mota, muka ƙarasa da ƙafa cikin sanyin da ke tsaga ƙashi, muka shiga Polan ta mashigar iyaka ta Medyka.

A Warsaw, babban birnin Polan, na fuskanci zaɓin da ya fi komai yi mini nauyi. Gwamnatin Najeriya ta ware dala miliyan 8.5 don kwaso 'yan ƙasa, jirage suna ta jigila daga Polan da Romaniya da Hungari. Inna ta kira ni tana kuka: "Kai, ka taho gida haka nan. Ko garin kwaki ne ma sha tare." Raina yana son tafiya. Amma matata ba ta taɓa taka Najeriya ba, ba ta da biza, iyayenta kuma suna ƙarƙashin luguden wuta, ko barci ba ta yi sai ta ji muryarsu. Na dube ta a zaune a kan gadon sojoji a wani katafaren zauren baje koli da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, na san in na ce ta bi ni za ta bi ni, amma zan karya wani abu a cikinta da ba zai gyaru ba. Na kira Baba na faɗa masa. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Amana ce aka ba ka. Tsaya inda amanarka take. Ni zan yi wa mahaifiyarka magana."

A tsakiyar Maris muka ji labarin wani shiri da Birtaniya ta fito da shi mai suna Homes for Ukraine, wato gidaje domin mutanen Yukren. An sanar da shi ranar 14 ga wata, aka fara karɓar takardun neman biza ranar 18. Tsarinsa a lokacin shi ne mutum mazaunin Birtaniya ya ɗauki nauyinka da sunanka, ya yi alkawarin ba ka wurin kwana aƙalla wata shida ba tare da karɓar kuɗin haya ba. Gwamnati tana ba shi fam 350 duk wata a matsayin godiya, kai kuma a ba ka izinin zama na shekara uku, da damar aiki da karatu da zuwa asibiti. Fiye da mutum dubu ɗari suka rubuta sunansu a ranar farko cewa suna da ɗaki. Shirin na 'yan Yukren ne da iyalansu na kusa waɗanda ke zaune a ƙasar kafin 1 ga Janairun 2022. Ni na shiga ne ta ƙofar aure. Akwai abokina Bakano da muka kwana kan kwali ɗaya a tashar ƙarƙashin ƙasa, saura masa wata huɗu ya gama karatu. Bam ɗin da ya kore ni shi ya kore shi, amma shi wannan ƙofar ba ta buɗe masa ba. Ya yi 'yan watanni yana gararamba a Turai, daga baya ya koma gida hannu rabbana. Har yau in na tuna shi sai in ji abincin da ke bakina ya yi ɗaci.

A farkon shirin kai ne za ka nemo mai masaukinka, yawanci a zaurukan Facebook. Matata ta rubuta cewa mu uku ne, miji likita, mata mai aikin magani, da yarinya 'yar shekara biyu da rabi. Kafin dare amsa ta fi ashirin. Da muka tura hotonmu, muka ce ni ɗan Najeriya ne kuma Musulmi, sai yawancinsu suka yi ɗif. Wasu maza kuma suka fito fili suka ce mace kaɗai suke so. Ashe ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba, don a watan Afrilu hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi kan haɗa mata marasa rakiya da gwauraye. A kwana na huɗu wata dattijuwa daga wani ƙauye a yankin Yorkshire na Ingila ta nemi mu yi magana ta bidiyo. Tsohuwar malamar firamare ce, mijinta tsohon makaniken motocin safa, dukansu sun haura saba'in. Ta tambaye ni abin da ba na ci, ta ɗauki biro ta rubuta. Ni ma na tambaye ta dalilin da ya sa za su buɗe wa baƙin ido gidansu. Ta ce a 1939 an ɗauki mahaifiyarta daga birnin Hull tana 'yar shekara goma, an maƙala mata takarda mai sunanta a riga, an kai ta gidan wasu manoma don gudun bama-baman Jamus. Ta ce bashi ne take so ta biya.

Kowane mutum da tasa takardar neman biza, har yarinyar. Matata tana da fasfon fita waje, don haka ta intanet ta gama komai. Ni da yarinyar, da yake ni ba ɗan ƙasa ba ne, ita kuma takardar haihuwa kaɗai gare ta, sai da muka je cibiyar biza aka ɗauki bayananmu. Ta matata ta fito cikin mako biyu. Tamu ta ƙi fitowa. Azumi ya kama a farkon Afrilu, ina buɗa baki da shayi da biskit, ina duba waya sau hamsin a rana. A can kuma ma'aikatan ƙaramar hukuma sun je sun duba gidan, sun binciki tarihin masu gidan kamar yadda doka ta tanada. Dattijuwar kullum sai ta turo hoton ɗakin: yau ta sa labule, gobe ta samo ƙaramin gado. Saura kwana biyar Sallah muka sauka a Ingila.

Ɗaki biyu suka ware mana a saman bene. A kan gado akwai tawul uku a linke, da 'yar tsana, da sabuwar darduma da dattijon ya tuƙa mota har Bradford ya sayo. Ya ma zana kibiya a 'yar takarda ya manna a bango, wai alƙibla, ya duba a intanet. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na kasa cewa komai. Ɗakin baƙin gidanmu ne ya tsaya mini a ido, da ni kaina ina yaro riƙe da kwano ina ɓata rai.

Sun ce in riƙa kiransu da sunansu, haka al'adarsu take. Bakina ya ƙi. Ta yaya zan kama sunan matar da ta girmi Inna? Na roƙe ta ta bar ni in ce mata Mama, ta yi dariya ta amince. Kwanakin azumin da suka rage, su ƙarfe shida suke cin abincin dare, ni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi. Ba tare da na roƙa ba Mama ta mayar da cin abincin gidan gaba ɗaya zuwa lokacin buɗa-baki. Da sahur in na sauko a hankali don kada in tashe su, sai in tarar an bar fitilar kicin a kunne, ga madara da dabino a kan tebur. Ranar Sallah dattijon ya kai ni Idi, ya zauna a mota yana karanta jarida har aka sallame.

Amma kada wani ya ɗauka zaman gidan mutane daɗi ne zalla, ko da mutanen kirki ne. Suna da kare, babba, kuma a falo yake kwana. Ni da na tashi a gidan da kare ba ya wuce ƙofar zaure, sai ga shi yana shinshina ƙafata ina da alwala. Makonni na yi ina haɗiye abin, ina canza wando a ɓoye. Banɗakinsu kuma da kafet a ƙasa, ni ga ni da buta. Mama ta riƙa tarar da danshi ta rasa daga ina yake, ni kuma kunya ta hana ni bayani. Wata rana na ji tana gaya wa mijinta ƙila famfo ne ke yoyo, a kira mai gyara. Nan na ga shiruna zai jawo musu asara, na daure na zaunar da su na faɗi komai, har maganar kare. Cikin minti goma aka warware abin da na yi wata guda ina ɗauke da shi. Aka sa 'yar ƙofar katako a ƙasan bene don kada karen ya hau, aka shimfiɗa roba a banɗaki. Alkunya abu ne mai kyau a gidanmu, inda kowa ya san ma'anar shirunka. A gidan da ba su san ta ba, shirun nan ɗauka suke yi komai lafiya, ko kuma fushi kake yi.

Abin da ya fi kare da buta ciwo shi ne karɓa. Da muka iso an ba kowannenmu fam 200 na fara rayuwa. Doka ba ta ɗora wa mai masauki ciyar da mu ba, amma Mama ba ta yarda mu raba tukunya ba. Ni da nake aika wa gida kuɗi, ni da ake kira likita, ga ni ina zaune ana zuba mini abinci, in ƙara cokali ɗaya sai in ji kamar ana ƙirgawa, alhali ba mai ƙirgawa sai zuciyata. Na kan tuna baƙin Baba, yadda wasu ke rage tuwo a kwano ko da ba su ƙoshi ba. A da ina ɗauka raini ne. Sai a lokacin na gane abin da ke ransu. Shaidar likitancina ba ta ba ni damar duba mara lafiya a nan sai na ci jarrabawar Turanci da wata jarrabawa mai kashi biyu. Don haka na kama aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ina yi musu wanka, ina canza musu shimfiɗa. Motar safa sau huɗu take shiga ƙauyen a rana, sau da yawa dattijon ne ke fitowa da sassafe ya ɗauko ni. Albashina na farko na sayo cefane na cika firji, na dafa shinkafa da wake da mai da yaji. Mama ta ci hawaye na zuba saboda zafin barkono, ta ce a ƙara mata.

Wata shida ya cika a ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da kuɗin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabo a ƙasar. Muna jin labarin iyalai da masu masaukinsu suka ce sun gaji, suka koma hannun ƙaramar hukuma ba su da wurin kwana. Ban ga laifin kowa ba, wata shida suka yi alkawari kuma sun cika. Mun nemi haya, amma ko'ina sai an tambayi shaidar albashi na watanni, da kuɗin ajiya, da wanda zai tsaya maka. Na kasa barci. A cikin wannan hali ne daren 5 ga Nuwamba ya zo, daren da mutanen Ingila ke wasan wuta duk shekara. Ba wanda ya tuna ya gaya mana. Ƙara ta farko na tashi, yarinyar ta yi wuf ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunne, matata ta durƙushe a kicin tana rawar jiki, ta kasa numfashi. Mama da gwiwoyinta masu ciwo ta rarrafa ta shiga ƙarƙashin teburin nan ta rungume yarinyar har aka gama. Washegari dattijon ya kira ni gareji, yana goge hannu da tsumma, ya ce ba inda za mu sai mun shirya, kuma ranar da muka sami gida shi zai sa hannu ya tsaya mana.

A Janairun 2023 Baba ya rasu. Ina wurin aiki aka kira ni, kafin in sauka daga aiki an kai shi makwancinsa. Ban gan shi ba tun 2019, bai taɓa ɗaukar jikarsa ba. Na koma gida na zauna a ƙasa a ɗakin baƙin nan. Dattijon ya ƙwanƙwasa ya tambaye ni yadda muke yi a wurinmu in an yi rashi. Na ce zama ake yi kwana uku, mutane suna zuwa gaisuwa. Bai ce komai ba ya fita. Kwana ukun nan, kullum sai ya hau benen nan ya zauna a gefena, shi da bai saba zaman ƙasa ba. Ya gaya wa maƙwabta, suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da kek, wannan da kati. Wasu 'yan'uwa daga masallaci suka zo aka yi addu'a a falonsu, an kulle karen a gareji. A kwana na uku na ba shi labarin ɗakin da ke jikin zaurenmu da maganar da Baba ya faɗa mini ina yaro.

A ƙarshen Maris muka tashi, bayan wata goma sha ɗaya, zuwa wani ɗan gida mai ɗaki biyu a garin da ke kusa. Shirin ma ya sauya bayanmu. Daga Fabrairun 2024 masu zuwa sababbi wata 18 ake ba su maimakon shekara uku. Mu da namu wa'adin ya zo ƙarewa a 2025 muka nemi ƙari, aka ba mu wata 18. Wannan izini ba ya kai mutum ga zama na dindindin, don haka kullum da kwanan wata a gabanmu. Benen da muka zauna a Saltivka ya ƙone ta gefe ɗaya, surukaina suna nan a birnin, ƙanin matata yana bakin daga, in ya kwana biyu bai turo saƙo ba gidanmu ba mai cin abinci. Na ci jarrabawar Turanci da kashin farko. Kashi na biyu, wanda ake yi a Manchester, na faɗi a karon farko, ina shirin komawa. Har yanzu dare nake aiki. Yarinyar tana makaranta, tana yi wa uwarta yaren Yukren, ni ina fama da ita da Hausa, ita kuma Turancin ƙauyen nan ne ya fi zama a bakinta. Burina in kai ta ta gaida Inna tun tana da rai.

Dattijon ya faɗi a lambu bara, ƙugunsa ya karye, yanzu da sanda yake tafiya kuma ya daina tuƙi. Duk Lahadi muna zuwa. Ina auna masa hawan jini, in aske musu shingen ƙofar gida, in kai Mama kasuwa. Mabuɗin gidan yana nan a jikin nawa, sun ƙi karɓa. Jiya da yamma Mama ta kira ta ce in za mu taho in riƙo mata yaji, wanda na kai mata ya ƙare.